Ƙona Shara Ba Tsafta Ba Ce

 Yau ba za mu yi kwana-kwana ba. Akwai wata al'ada da ta zauna daram a gidaje da makarantun ƙasar nan tamu har an daina ganin aibinta: a share tsakar gida, a tara sharar a bakin ƙofa ko bayan aji, a ƙyasta ashana, a kaɗe hannu a tafi ana jin an yi tsafta. Mu dai mun ce wannan ba tsafta ba ce. Dauɗar da ke ƙasa aka ɗaga aka kai sama, daga inda ake iya tsallake ta zuwa inda dole a shaƙe ta. Kuma a cikin tarin da ake cinna wa wutar nan akwai taki, akwai kuɗi, akwai kayan koyarwa, akwai guba. Duk an haɗa su wuri ɗaya an ba su suna ɗaya, wai shara.

A tambayi kowace tsohuwa a garin nan abin da ake zubarwa a gidan da ta taso. Za ta yi shiru ta yi tunani kafin ta samo amsa, domin kusan babu. Dusa ta awaki ce da kaji. Ruwan tsari, wato na wankin hatsi, dabbobi ke sha. Toka ana wanke tukunya da ita, ana tace ta a yi ruwan toka na miya, ana yin sabulu, abin da ya rage a kai gona. Karan dawa da na gero su ne darni da makamashi, harawa da ƙaiƙayi abincin dabbobi ne har damina ta zagayo. Ƙwarya in ta tsage ɗinke ta ake yi. Zane in ya tsufa ya zama majanyi, majanyi in ya mutu ya zama tsumma, tsumma ya zama gammo ko lagwanin fitila. Gwangwanin madara ya zama aci-balbal ko ma'aunin gishiri, tsohuwar taya ta zama takalmi, robar cikinta ta zama guga. Juji kansa ba wurin mutuwar kaya ba ne: kafin faɗuwar ruwa ake ɗibarsa a mangala, jakai su kai gona, ƙasa ta ci ta mayar da shi hatsi. Ba wanda ya zo daga Turai ya koya wa mutanenmu wannan. Da Turawa suka ƙirƙiro manyan kalmomi a kan sake sarrafa shara suna taruka a kai, kakanninmu sun daɗe da gama yin abin ba tare da sun raɗa masa suna ba.

Abin da ya karya wannan tsari shi ne shigowar wani kaya da ƙasa ba ta iya ci. Ganyen da aka ƙunshe ƙosai a ciki in an jefar, ya ruɓe kafin wata ya ƙare. Baƙar leda in an jefar, tana nan bana, tana nan baɗi, rana ta busar da ita ta farfashe ƙanana-ƙanana amma ba ta zama ƙasa ba. Hannu ya saba da jefarwa tun zamanin da jefarwa ba ta da illa, kayan ne ya canza hannun bai canza ba. Ga ledar ruwa kuma, ga gorar lemo, ga farar robar nan mai kama da kumfa da ake zuba shinkafa a ciki ranar biki. Wani rahoto da ƙungiyar OECD ta fitar a 2022 ya nuna cewa kusan kashi 9 cikin 100 kaɗai na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa. Sauran ana binnewa, ana ƙonawa, ko kuma tana yawo a gari da gulbi. In haka lamarin yake a duniyar da ke da manyan injuna, to a Mungadi fa, inda ba motar kwashe shara da ke zagaya lungu-lungu?

Bari mu fara da hayaƙin, tunda shi ake kira tsafta. Leda da roba daga ɗanyen mai ake yin su. In suka ci wuta a fili, wutar ba ta da zafin da za ta cinye su sarai, sai su riƙa narkewa suna fitar da baƙin hayaƙi mai ɗauke da ɓurɓushi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ke wucewa can cikin huhu. Wasu nau'o'in, irin robar bututun ruwa da wadda ke lulluɓe wayar lantarki, suna fitar da guba mafi muni da ke zama a cikin toka da ƙasa, kaji su yi tono a wurin, mu kuma mu ci ƙwan. Wa ya fi kusa da wannan hayaƙi? Jaririn da ke goye a bayan mai sharar. Tsohon da ke kishingiɗe a zaure. Ɗaliban ajin da tagarsu ke kallon bola, cikinsu har da mai ciwon asma. Akwai ma abin da ya fi wannan: hura wutar girki da leda. An gano cewa in itace ya jiƙe, a naɗe leda a ƙyasta mata ashana, nan take murhu ya kama. Gaskiya ne yana kamawa. Amma mai girkin fuskarta tana kan murhun tana hurawa da baki, kuma a ɗakin girkin da ba taga. Iyayenmu mata, da girmamawa muke faɗi, tsinken kara da ɓawon gyaɗa da totuwar masara suna kama wuta, kuma ba su taɓa sa kowa tari irin wannan ba.

Sai awaki. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauta ana fiɗa ya san abin da ake cirowa daga tumbin dabbar da ta yi kiwon bola: dunƙulen leda a murɗe kamar igiya, wani lokaci har da tsumma da guntun buhu. Akuya ba don wauta take cin leda ba. Ƙanshin gishiri da mai da ragowar alale ne ke jan ta, musamman da rani in ciyawa ta ƙare. Ledar ba ta narkewa, ba ta fita, sai ta taru ta cike wurin da abinci zai zauna. Dabbar tana ci tana ramewa, ciki ya kumbura, nono ya ƙafe, a ƙarshe a yanka ta a sayar da arha ko ta mutu a zubar. A gidajenmu kowa ya san mece ce akuya. Ita ce asusun mace, ita ce kuɗin makarantar yaro in zangon karatu ya zo, ita ce kuɗin asibiti in dare ya yi. Wanda ya sha ruwan leda ya wurgar a hanya bai saci akuyar gwauruwa ba, amma asarar da ta yi daidai take da in an sace. Kuma leda ba ta tambayar ko akuyar gidan Kirista ce ko ta gidan Musulmi, iska ce ke raba ta gida-gida.

Da damina kuma ledar nan ce ke taruwa a bakin kwalbati ta toshe lambatu. Ba mu ce leda ce ta kawo ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar Kebbi ba, wannan ruwan ya fi ƙarfin kwata. Amma ruwan da ke kwanciya a lungu kwana da kwanaki bayan an ɗauke sama, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zube, ya zama gidan sauro, wannan kam aikin hannun mutane ne. Kuma mu a Kebbi ba mu da bakin yin wasa da sauro. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a jiharmu, mafi yawa a duk Najeriya. Shi ya sa da aka tashi fara rigakafin cutar a watan Disamba 2024, Kebbi da Bayelsa aka fara kaiwa. A kai yara rigakafi, a kwana cikin gidan sauro, amma a kuma daina gina wa sauron ɗaki a ƙofar gida.

Yanzu ga inda muke da faɗa da tsaranmu, 'yan boko. Akwai wani girman kai da ya shigo tare da karatu, wanda ke ganin sake amfani da kaya alamar talauci ce. Budurwa za ta ji kunyar riƙe kwando zuwa kasuwa, gara ta dawo da leda bakwai: ta tumatir daban, ta albasa daban, ta magi daban, sannan babba guda da za ta haɗiye su duka. Saurayi zai sayi ƙosai daga ƙofar gidansu, taku ashirin, amma ɗaukar kwano ƙauyanci ne, sai an zuba masa mai zafi a leda. In uwa ta wanke gwangwani ta ajiye, a ce Mama ta cika tarkace. To wane ne wayayye a nan, wadda ta san amfanin abu uku a cikin gwangwani ɗaya ko wanda bai san komai ba sai saye da jefarwa? Ƙasashen da ake kwaikwayo ɗin ma sun juyo. Ruwanda ta hana ledar sayayya tun 2008, Kenya ta bi a 2017, jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci a watan Janairu 2024. A manyan kantunan Turai mutum da jakarsa yake zuwa, in ya manta ya biya kuɗin wata. Abin da kakarmu ke yi da kwandonta ke nan, sai da Bature ya yi sannan zai zama wayewa?

Ga abin takaicin da ya fi duka. An watsar da sake amfani mai kyau don kunya, an riƙe wanda ke kisa. Ƙasarmu ƙasar noma ce, shinkafa a fadama, albasa da tattasai a Aliero da kewaye, kuma babu manomin da ba ya feshi yanzu. Ina robobin maganin ciyawa da na ƙwari suke zuwa in sun ƙare? Robar mai kauri ce, murfinta na rufuwa gam, sai a ce ai asara ce a zubar. A ɗauraye ta, a zuba ruwan sha na zuwa gona, ko man gyaɗa, ko kunu, ko gishiri. 'Yan'uwa, wankewa ba ta fitar da wannan guba, tana shiga jikin robar ne ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. Ka'idar da masana aikin gona ke koyarwa a sarari take: in maganin ya ƙare, a ɗauraye robar sau uku, kowane karo a juye ruwan a cikin fanfon feshi a fesa a gona, sannan a huda ta ko a tsaga ta yadda ba mai iya zuba komai a ciki. Ba a ƙona ta, ba a jefa ta a gulbi ko kusa da rijiya, ba a ba yaro ya yi mota da ita. Haka kananzir ko fiya-fiya da ake ɗurawa a gorar lemo a ajiye ƙarƙashin gado. Yaro ɗan shekara biyu bai iya karatu ba, siffar gorar ya sani, kuma ya san abin daɗi ake zubawa a ciki. Ma'aikatan asibiti sun san wannan labarin, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Batir ma haka. Tsohon batirin mota ko na sola yana ɗauke da dalma da ruwan asid. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da gubar dalma ke yi a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gida gubar ta fito, amma dalma dalma ce, ko daga dutse ko daga batir. Kada a fasa batir a gida, kada a bar yara su yi wasa da shi, a mayar wa masu sayar da batir yadda yake a rufe, su ma saye suke yi. Ƙananan batura na tocila da rediyo kuwa a tara su a gwangwani mai murfi, kada su shiga wuta, kada su shiga taki. Masu sayar da zoɓo da kunun aya, ba mu ce ku daina amfani da gora ba, sana'a ce kuma da ita ake ciyar da gida. Amma gorar da aka tsinto a bola ko a bayan asibiti ba ta shiga wannan lissafi. A karɓa daga hannun wanda aka sani, a wanke da sabulu ciki da waje har murfin, a kife ta bushe, wadda ta tsage ko ta dafe a cire ta.

Mu zo makaranta, domin a nan ne ake shuka abin da gari zai girba. A makarantu da yawa, na gwamnati da masu zaman kansu, tsintar leda horo ce. Ka makara, je ka tsinci leda. Ka yi surutu, je ka kwashe bola. Shekara shida ana koya wa yaro cewa taɓa shara aikin mai laifi ne, sannan a yi mamaki in ya girma yana wurgar da leda ta tagar mota yana jin shi babba ne. Malamanmu, mun san wahalar da kuke sha, mun san aji ɗaya na ɗaukar yara fiye da ƙima kuma albashi ba ya kai wata. Amma wannan horon yana rushe darasin tsafta da kuke rubutawa a allo. A raba aikin bi da bi, kowane aji da ranarsa, ɗan hakimi da ɗan lebura, mai ɗaukar na ɗaya da mai ɗaukar na ƙarshe, malami ma ya sunkuya ya ɗauki guda yara su gani. Mai laifi a nemo masa wani horon.

Akwai kuma darasin aikin hannu, wanda a da yaro ke kawo tsintsiya ko faifai ko igiyar da ya tufka da kansa a ba shi maki. A wasu wuraren yanzu an mayar da shi kuɗi: kawo kaza a rubuta maka maki. Iyaye sun biya, yaro bai koyi komai ba, alhali kayan aikin na nan zube a filin makaranta. Mu yi lissafi mai sauƙi. A ɗauka makaranta tana da yara 300, rabinsu kowa na shan ruwan leda ɗaya a rana. Leda 150 ke nan kullum, 750 a mako, kusan 9,750 a zangon karatu mai mako 13. Kowace ɗaya daga cikinsu tukunyar renon itace ce da aka riga aka biya kuɗinta. A yanke bakin, a huda gindin, a cika da ƙasa da taki, a sa irin dogon yaro ko zogale ko gwaiba, a jera a inuwa, aji ɗaya ya riƙa ba da ruwa. In damina ta kankama a dasa, a tattara ledar kada a bar ta a ramin. Kebbi na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa na yaƙi da hamada ya shafa, kuma mun ga yadda itace ke ƙarewa a dajin da ke kewaye da mu. Makarantar da ba ta da inuwa, yaranta na iya renon inuwarsu da abin da suke ƙonawa yau. Gorar lemo in aka huda murfinta ƙanana aka cika da ruwa aka kife a gindin dashe, tana ɗiga a hankali ta riƙe shi da rani.

Marafan kwalba kayan ƙirga ne na 'yan aji ɗaya. Kwalin taliya allon haruffa ne da taswira. Littafin rubutu da shekara ta ƙare saura shafi goma ba a taɓa ba, a ciro su a haɗa da na wasu littattafan a ɗinke da zare, ga littafin lissafi kyauta a lokacin da iyaye ke kuka da tsadar takarda. Benci in ƙafa ɗaya ta karye, ƙusa huɗu yake nema, ba a jefa shi bayan aji ruwa ya ci shi har ya zama itacen girki ba. A ƙauyen Yelwa kusa da Kaduna, a 2011, ƙungiyar DARE ta gina gida sukutum da gorunan roba da aka ɗura wa yashi aka jera da laka. Ba mu ce a gina aji da gora gobe ba, amma ɗan dakalin zama a gindin bishiya ko kewayen da zai kare dashe daga awaki bai fi ƙarfin 'yan aji shida da magini ɗaya ba.

Za a ce mana wannan aikin gwamnati ne. E, da gaskiya a ciki. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kwashe shara a kan ƙananan hukumomi, kuma tun watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Saboda haka muna da hakkin zuwa wurin kansilan mazaɓar Mungadi da Botoro, cikin ladabi kuma a rubuce, mu nemi a keɓe wurin zubar da shara mai shinge nesa da rijiyoyi, a yashe kwalbatoci kafin damina, a dawo da duba-gari irin na da waɗanda dattawa ke ba da labarinsu. Za mu nema, kuma za mu sake nema. Amma doka kaɗai ba ta canza hannu. Jamhuriyar Nijar, da ke nan bayan Kamba, ta yi dokar hana leda tun 2014, kuma duk wanda ya shiga kasuwa can ya san ledar ba ta tafi ko'ina ba. Sharar ƙarshen wata da aka gada daga zamanin Buhari da Idiagbon ma mun ga yadda ta koma: a zauna a gida har ƙarfe goma, a fito a cinna wa bola wuta. Babu shugaban ƙaramar hukumar da zai shigo ɗakin girki ya raba ɓawon albasa da leda. Wannan aikin mai gida ne da uwar gida da mu 'ya'yansu.

Kuma rabawar ita ce dukan sirrin. Ba a buƙatar durom mai launi uku irin na hotunan intanet, tsofaffin buhunan taki sun isa. Duk abin da ke ruɓewa, ɓawo, ragowar tuwo, ganye, kashin awaki da na kaji, ya tafi rami a bayan gida. A shimfiɗa busasshe kamar kara da buntun shinkafa, a ɗora ɗanye a kai, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa ya yi danshi ba jagab ba, a rufe, a riƙa juyawa bayan mako biyu-biyu. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki mai ƙanshin ƙasa. Kowa ya san inda kuɗin buhun takin zamani ya kai a 'yan shekarun nan, amma gida na ƙona takinsa da safe yana neman bashin na kanti da yamma. Manoman da har yanzu ke ɗibar juji zuwa gona kuwa, yanzu rabin abin da suke kaiwa leda ce, garma na tono ta shekara da shekaru, tana tare saiwa tana hana ruwa shiga. In an raba tun daga gida, jujin ya koma abin da yake a da.

Ƙarfe, gwangwanin alminiyam, fasasshen bokiti da kujerar roba, tsofaffin silifa, duk suna da mai saye. A nan sai mun yi magana kan 'yan jari-bola, waɗanda ake kora kamar karnuka. Mun san ƙorafin: a cikinsu akwai masu ɗauke tukunya a tsakar gida da masu yanke waya. Akwai, kamar yadda kowace sana'a ke da ɓata-gari, kuma ɓarawo a kai shi wurin mai unguwa ko hukuma. Amma mutumin da ke tura baro cikin rana yana tattara abin da kowa ya ƙi, ya kai sikeli, kayan su bi mota zuwa manyan garuruwa a narka, shi ne kaɗai ke yin aikin da ake rubuta takardu a kai a Abuja. Tukunyar da ake dafa abincin biki a ciki, daga irin gwangwanayen da yake tsinta maƙera suka zuba ta. Maganin sata shi ne a tara kaya a gida a sayar wa wanda aka sani, da rana, a bakin ƙofa, a kan sikeli. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a tura yaro ƙarami tonon bola ba takalmi a lokacin da tsaransa ke aji, cikin fasassun kwalabe da allurai.

Harabar majami'a ma ba ta fita daga wannan magana ba. A duba fili washegarin biki ko babban taro ko Kirsimeti: ledar ruwa kamar an yi ruwan ƙanƙara, farar roba har bakin hanya, iska na kai wa maƙwabta. Mutanen unguwa ba su ji wa'azin da aka yi a ciki ba, abin da aka bari a waje suka gani. Kowa a cikinmu ya san labarin ciyar da mutum dubu biyar a Yohanna sura 6, kuma ya san cewa bayan an ƙoshi an tattara ragowar har kwando 12. Wanda ya iya yawaita gurasa bai bar gutsattsarin a ƙasa ba. Muna roƙon dattawa da iyayenmu na zumuntar mata su duba shawarar sayen kwanuka da kofuna na ikilisiya, da randa ko durom mai famfo, a riƙa wankewa ana ajiyewa. Wankin kuwa mu matasa mun ɗauka, maza da mata, kada a bar wa 'yan mata su kaɗai.

Za a yi saura, ba mu ɓoye ba. Baƙar leda ba ta da mai saye a nan, ƙunzugun jarirai na zamani ma haka. Ledar maganinta tun daga kasuwa ne: kwando, jakar buhu da tela zai ɗinka da kuɗi kaɗan, kwano mai murfi na ƙosai da fura, da bakin da zai ce wa mai kanti ya bar ledarsa. Wadda ta riga ta shigo gida a wanke a sake amfani da ita ga busasshen kaya har ta mutu, sannan a danna ta cikin gora ta yi tauri don aikin dakali, ko a cusa a buhu a ɗaure yadda iska da akuya ba za su kai gare ta ba. Abin da ya gagara duka a binne shi a rami mai zurfi, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a rufe da ƙasa kowane karo. Ranar Asabar mai zuwa da safe za mu fara da harabar majami'a da lambatun da ke gabanta. Kowa ya zo da buhu biyu da shebur ko manjagara in yana da shi, masu safar hannu su kawo, ashana kuma a bar ta a gida.